Kai ƙarar mugun shugaba Hukumar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a: me take iyawa?

Ma'aikacin injin shinkafa a Kura, ko mai ba da mai a gidan mai a Haɗeja, in manaja ya riƙe masa albashin wata uku, abin da ake ce masa shi ne "ka yi haƙuri". Kaɗan ne suka san da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta Tarayya, wadda aka kafa a 1975, kuma tana da ofishi a Kano da Dutse. Ba a biyan ko kwabo, ba a buƙatar lauya. Hurumin ta ya haɗa da ma'aikatun gwamnati, ƙananan hukumomi da kamfanoni masu rajista.

Inda take da amfani shi ne abin da za a iya ƙirgawa: albashin da aka riƙe, kuɗin da ake zaftarewa da sunan tara, kora ba sanarwa, haƙƙin sallama da ya maƙale. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya yi aiki fiye da wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, a ba shi sanarwar mako guda kafin a sallame shi. Shekara 2 zuwa 5, mako biyu. Daga shekara 5, wata guda. Idan hukumar ta rubuta wa wurin aikinka tana neman bayani, doka ta ba su kwana 30 su amsa. Sau da yawa wannan wasiƙar kaɗai kan sa manaja ya nemi sulhu.

Amma fa sai da takarda, kuma nan mutanen ƙauye suke faɗuwa, don yawanci da baki aka ɗauke su aiki. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3, sai dai wa ke tambaya? In babu ita, tara abin da kake da shi: saƙon shigar kuɗi na banki ko Opay, hoton rajistar sa hannu, saƙonnin WhatsApp, da littafin da kake rubuta kwanan wata da abin da ya faru. Kafin ka tafi, rubuta wa mai kamfanin, ka sa a buga maka hatimi a kwafinka, domin hukumar na iya ƙin karɓar ƙorafin wanda bai fara bin hanyar cikin gida ba. Kada ka wuce wata 12 da faruwar abin, kuma kada maganar ta riga ta shiga kotu.

Raunin hukumar biyu ne. Shawara take bayarwa, ba hukunci ba. In mai kamfani ya kafe, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano. Sannan zagi a gaban abokan aiki, fifita ɗan uwa, da munafuncin masu kai gulma ofis, duk suna da wuyar tabbatarwa, su ne kuwa ke hana mutum barci.

Ka kuma sani ba a ɓoye za a yi ba, manaja zai gane wanda ya kai shi. Wanda bai shirya barin aikin ba gara su haɗu su huɗu ko biyar su sa hannu tare. In kuma injin na Alhaji ne shi kaɗai, ba rajista, zaman sulhu gaban dagaci ko Hisbah ya fi saurin fitar da kuɗi, ga shi ba kuɗin mota zuwa birni.