Wata Shida da Likitan Dabbobi Mai Zuwa Gida: Abin da Na Gani a Kan Karenmu

Ba don son kare na fara ajiye kare ba. Sau biyu aka haura mana katanga a shekara guda, na biyun har da injin ban ruwa aka ɗauke, shi ne wani abokina ya ba ni ɗan kwikwiyo, ruwa biyu ne, uwarsa ta gida, ubansa irin na 'yan sanda. Yara suka sa masa suna Zaki. Yana bayan gida, ba ya shiga ɗaki, kwanonsa daban. Amma abu mai rai idan yana ƙarƙashinka, hakkinsa na wuyanka, kuma a nan na so in yi ganganci.

Da damina ta kankama kaska ta rufe shi. Cikin kunne, tsakanin yatsu, ƙarƙashin wuya, wasu sun sha jini sun yi ɓul-ɓul kamar wake jiƙaƙƙe. Wani maƙwabci ya ce in ɗiga fiya-fiya a ruwa in yi masa wanka. Na yi. Ba a yi awa ɗaya ba Zaki ya fara dalalar da miyau, jiki na karkarwa, ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa. Cikin wannan ruɗani ne aka ba ni lambar wani matashin likitan dabbobi da ke bin gidaje a kan babur, kuma aikinsa nake so in yi sharhi a kai.

Tun a waya ya ce in wanke karen da sabulu da ruwa mai yawa, in sa leda a hannuna. Da ya iso ya ɗaga fatar idonsa, ya nuna mini yadda ƙwayar idon ta tsuke kamar kan allura, ya yi masa allurar atropine. Sannan ya juyo ya ce, "Malam, abin da ke kashe sauro a ɗaki ta fata yake shiga jini. Ka gode wa Allah yara ba su taya ka wankan ba." Ban ce uffan ba.

Bayan sati ya dawo, kuma a wannan zuwan ne na san na samu mai aiki. Bai fara da karen ba, da ɗakin karen ya fara. Ya tsuguna da fitilar wayarsa yana haska tsagar bulo, ya sa tsinke ya tono, sai ga ƙananan kaska suna fitowa kamar an watsa gero. Ashe irin wannan jar kaskar ta kare a bango take kwana, mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai a cikin tsaga, saboda haka ko ka tsince karen tas da safe, kafin dare an sake hawa shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ni kaska na samu. Ya sa na kira magini ya shafe ɗakin da siminti, aka ƙone tsohon buhun da yake kwanciya a kai.

Maganin kaskar ƙwaya ce ta taunawa mai sinadarin fluralaner, ana ba da ita gwargwadon nauyi. Ba shi da sikelin dabbobi, sai ya hau na banɗaki shi kaɗai, ya sake hawa rungume da Zaki an sa masa takunkumi, ya cire wannan daga wancan: kilo 24. Ya tambaye ni ko karen ya taɓa farfaɗiya, domin irin wannan magani ana kaffa-kaffa da shi ga mai ita. Kwana biyu da shan ƙwayar, kaska ta rinƙa zubowa a bushe. Sai dai mutum ya sani, ba ta korar kaska, sai ta ciza ta sha jini sannan ta mutu. Kuma tsada gare ta, guda ɗaya ta cinye mini kuɗin cefanen kwana huɗu. A rubuce tana kai sati 12, ni dai wajen sati na goma na fara ganin ɗaya-biyu a kunne.

Ya kuma ɗaga leɓen Zaki ya ga dasashin ya yi fari fat, ya ɗebi jini. Sakamako ya nuna ciwon da kaska ke sakawa a jini, aka ɗora shi a kan doxycycline na kwana 28. Da na ce zan rinƙa ɓoye ƙwayar a cikin ƙosai, dariya ya yi ya ce ƙosai da albasa, albasa kuwa ita ma jinin kare take lalatawa. Haka tafarnuwa, goro da cakulan su ma guba ne gare shi, ga ƙashin kaza dafaffe da ke tsagewa ya soki hanji. Uwargida ta daina juye masa ragowar miya, aka koma curin tuwo da kan kifi. Paracetamol ma ya ce kada in kuskura.

Allurar haukan kare ita ce na fi sa wa ido, don na san ciwo ne da idan ya bayyana a jikin mutum ba a tashi. A cikin kula mai ƙanƙara ya kawo ta, ya nuna mini kwalbar, ta cibiyar binciken dabbobi ta Vom ce, ya rubuta lambarta da ranar a kati ya buga hatimi. Duk shekara ake sabuntawa. Ya tara yarana ya ce duk wanda kare ya ciza, ko nasu ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibiti, ba a tsaya neman gashin karen a ƙona ba.

Inda ya gaza kuwa ba zan rufe ba. Lokaci ba ya cikin lissafinsa: ƙarfe goma a wurinsa tana iya zama bayan la'asar. Sakamakon jinin sai da na yi kwana uku ina bin sa a waya. Ya yi alƙawarin turo saƙo idan lokacin maganin tsutsar ciki ya yi, wanda ake bayarwa duk wata uku, bai turo ba, sai da na ga Zaki yana jan gindi a ƙasa na tuna. Kuɗin mai kuma daban yake caji, bai faɗa mini ba sai da ya gama aiki.

Duk da haka ban sauya shi ba. Katin yana rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin, na zagaye ranar allura ta gaba da jan biro, kuma wannan karon tun ana saura sati zan fara kiransa.