Haikalin Sarakunan Hung, Ganuwar Co Loa ko Gidan Tarihi: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Masu shirya yawon buɗe ido a Hanoi, babban birnin Biyetnam, sukan tallata wurare uku ga mai son tarihin gidan sarautar Hong Bang, wanda tarihin baka na Biyetnam ya ce ya mulki ƙasar Van Lang daga 2879 zuwa 258 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sarakuna 18, waɗanda ake kira sarakunan Hung, a cikin shekaru fiye da 2,600, ka ga dai akwai gishiri a lissafin.

Haikalin Sarakunan Hung da ke tsaunin Nghia Linh a lardin Phu Tho shi ya fi suna, shi kuma ya fi cin kuɗin mota, domin tafiyar ta kai kilomita 80 daga Hanoi. Yini guda za ta cinye maka, ga hawan matakala har saman tsaunin. Wurin ibadar mutane ne: turare, hadaya, addu'a ga kakanni, al'adar da UNESCO ta sa a kundinta a 2012. Idan ba ka son cunkoso, kauce wa ranar 10 ga wata na 3 a kalandarsu ta wata, ranar hutu ce ta ƙasa. A kula kuma da banh chung, dunƙulen shinkafar da ake naɗewa a ganye, wanda suke dangantawa da wani ɗan sarkin Hung. Yawanci akwai naman alade a ciki.

Co Loa ba ta kai kilomita 20 daga tsakiyar birnin Hanoi ba. Sarki An Duong Vuong, wanda ya kawar da gidan Hung, shi ya zauna a nan. Abin da ya rage zobba uku ne na ganuwar ƙasa, wanda ya san ganuwar Kano ba zai ji baƙunta ba. A 1959 an tono dubban kawunan kibau na tagulla a yankin. Sai dai in babu ɗan jagora mai bayani, tudu da gonaki kawai za ka gani, saboda haka a nan ne biyan ɗan jagora yake da riba.

Ni gidan tarihi na ƙasa da ke titin Trang Tien a Hanoi zan zaɓa wa mai ƙarancin lokaci da guzuri. Nan gangar tagulla ta Ngoc Lu take, tauraro mai tsinaye 14 a tsakiyarta, kewaye da tsuntsaye da masu daka a turmi, jiragen ruwa kuma a gefenta. Fara da ita da safe, ka wuce Co Loa da rana.