Ranar da aka zazzage min ledar magani a Ingila

Jama'a ku tsaya in ba ku labarin kunyar da na sha a ɗan asibitin unguwarmu nan Birmingham, don har yau in na tuna sai in ji kunnena ya yi zafi.

Kun san ni da suga da hawan jini, shekara takwas ke nan muna tare. Da zan taho sai da na shiga kasuwa na yi guzurin magani na wata shida, wai kar in zo ƙasar Turawa tsada ta kashe ni, har da diklofenak da burufen na ciwon gwiwa, da wani garin magani da Gwaggo ta ƙulla min a leda tana cewa shi narkar da suga yake yi. Na yi rajista da likitan unguwa, wanda suke ce wa GP, aka ɗebi jini da fitsari, bayan sati biyu sai ga saƙo a waya wai in zo in ga mai haɗa magani kuma in taho da duk abin da nake sha. Ni kuwa da zuciya ɗaya na kwashi ledata.

Yarinya ce fa, da kaɗan ta girmi 'yata ta fari. Ta juye ledar a kan tebur tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Wannan wa ya rubuta maka? Na ce mai kemis ɗin layinmu. Wannan fa? Na ce abokina ne ya sha ya ji daɗinsa. Ta ɗago ƙullin Gwaggo da yatsa biyu ta ce mene ne a ciki, na ce itace ne, ta ce wane itace, na yi shiru, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Juyo min da kwamfuta kawai ta yi ta nuna min lamba 52, ta ce aikin ƙodarka ke nan, mai lafiya tasa tana kai 90 ko fiye, in ta faɗo ƙasa da 15 sai a fara maganar wankin ƙoda, kuma waɗannan biyun da kake haɗiya saboda gwiwa suna cikin masu tura ta ƙasa. Cikin abu goma sha ɗaya huɗu ta bar min, likita ya ƙara ɗaya na kare ƙoda, shi ke nan.

Na fito ina ta ƙunƙuni, ba allura, ba ƙarin ruwa, an ma ƙwace nawa. Ai a gida likitan da ya sallame ka ba allura mun gama yanke masa hukunci, bai iya aiki ba.

Daga nan kuma sai suka sa ni gaba kamar na ci musu bashi. Yau wasiƙa ce a je a ɗauki hoton cikin ido, gobe nas ta sa na cire safa tana tsikarar tafin ƙafata da wani ɗan zare kamar na fatsa wai in faɗa in na ji, jibi gwajin jinin da ke nuna yadda suganka ya kasance wata uku baya, ba damar ka daina shan lemo ana gobe awo ka yi musu wayo. Kafin azumi ma sai da aka zauna da ni a kan yadda zan sauya lokacin shan magani tsakanin sahur da buɗa baki. Na ce kai, mutanen nan suna ƙaunata. Wani abokin aikina ya yi dariya ya ce malam lissafi ne. Ciwon suga kaɗai yana ci musu wajen fam biliyan 10 a shekara, kuma mafi yawan kuɗin ba a ƙwayar magani yake tafiya ba, a yanke ƙafa ne da makanta da shanyewar ɓarin jiki da wankin ƙoda. To gara su bi ka da wasiƙa. Shi ya sa a nan Ingila mutane da yawa na biyan fam 9.90 a kan kowane magani ɗaya da likita ya rubuta, amma mai suga da ke kan magani ana ba shi takardar yafiya, ko sisi ba ya biya. Kuma ba ruwansu da babban suna a jikin kwali, mai arha da ke aiki iri ɗaya za a miƙo maka, akwai ma hukuma mai suna NICE da ke auna ko sabon magani ya cancanci kuɗinsa kafin a fara ba mutane.

Kar fa wani ya ce min kyauta ne. Tun kafin a buga min biza na biya fam 1,035 na kowace shekara a kaina, haka na uwargida, yara kuma 776 kowanne, ga haraji da ake zaftara a albashi tun ban gan shi ba. Ga ɓacin rai, ƙarfe takwas na safe daidai za ka kira neman ganin likita, na'ura ta ce kai ne na 23 a layi, ta yi ta kaɗa maka wani kiɗa mara kan gado, in an zo kanka a ce na yau sun ƙare ka sake kira gobe. In ka samu shiga minti goma ne, ciwo ɗaya za ka faɗa, na biyun ka sake neman lokaci. Gwiwar nan da ta jawo min komai wata biyar ina jiran masu gashin ƙashi, abin da ake ce min kawai in sha parasitamol in rage tumbi. A irin ranakun nan nake kewar mai kemis ɗinmu, ya san sunan 'ya'yana, ya ba ni bashi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, in ka kwanta kuma maƙwabta su cika ɗaki da fulas ɗin kunu. Nan sati na yi da mura mai zafi ko ƙwanƙwasa ƙofa ba a yi ba.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, bashin nan na mai kemis shi ya kai lambar ƙodata 52. Ba ma zuwa asibiti sai an ɗauke mu ranga-ranga, sannan a buɗe gurup a WhatsApp ana haɗa kuɗin wankin ƙoda. An ce gwamnati ta sauke shi daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin tarayya, madalla, amma abu ne na sau biyu ko uku duk sati, wane albashi ne zai ɗauka? Gwajin fitsarin da zai nuna matsalar tun da wuri kuwa bai kai kuɗin ankon biki ɗaya ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ce wajibi ne kowa ya shiga, ku duba gidajenku ku ƙirga mutum nawa ke da kati.

Daren ranar na kira ƙanina a Kano na ce ya ɗauko ledar da ke rataye jikin gadon Hajiya ya karanto min. Diklofenak har kala biyu a ciki, suna daban kwali daban, tana shan duka safe da yamma. Na tura kuɗi a kai ta gwajin ƙoda, ta karɓi wayar ta ce ita lafiyarta ƙalau, in dai kuɗi ne ke damuna a kira yaron nan ya zo ya yi mata allura.