Bourbon ko Scotch: da wanne sabon shiga zai fara koyon ɗanɗano?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka samu aiki a ɗakin cin abinci na wani otal a Louisville, baƙi na yawan tambayarka abin da ya raba bourbon da Scotch, kai kuwa duk biyun da ka kurɓa ba ka ji komai ba sai raɗaɗi a maƙogwaro, kana son sanin da wanne za ka fara. Na san yawancin 'yan zauren nan Musulmi ne, giya haramun ce a wurinsu, kuma ba kiran kowa nake zuwa gare ta ba. Kai ka ce kakan sha jefi-jefi, abincinka kuma a wannan sana'a yake, shi ya sa zan amsa maka da abin da na koya a shekarun da na yi ina zuba wa baƙi a jihar nan ta Kentaki.

Ka fara da bourbon. Dalilina na cikin hatsi da ganga, don haka bari mu jera su gefe da gefe.

Dukansu wiski ne. Ana niƙa hatsi a dafa, a sa yis a bar shi ya tashi, sannan a tafasa ruwan a kama tururinsa, a zuba abin da ya ɗiga a gangar itacen oak a ajiye shekaru. Bourbon sai a Amurka ake yin sa, kuma doka ta ce aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsin ya zama masara. Yawancin kamfanoni ma sukan kai kusan kashi 70. A 1964 majalisar dokokin ƙasar ta ayyana shi a matsayin abin da ya keɓanta da Amurka. Ba dole ba ne a yi shi a Kentaki, amma mafi yawansa daga nan yake fitowa, daga garuruwa irin su Bardstown da Frankfort da Lawrenceburg. Scotch kuwa sai a Sukotlan. Wanda ake rubuta wa single malt sha'ir ne zalla, daga masana'anta guda, an jiƙa sha'irin ya yi tsiro an busar, kamar yadda masu burkutu ke yi wa dawa a gida. Irin su Johnnie Walker haɗi ne na wiski daga masana'antu da yawa.

Amma inda maganar take da gaske ita ce ganga. Ta bourbon dole ta zama sabuwa dal, kuma an babbake cikinta da wuta har ya yi gawayi. Wutar nan tana narkar da zaƙin da ke cikin itacen, kamar yadda ruwan rake ke komawa mazarƙwaila a kan murhu. Ruwan da ake zubawa a gangar fari ne tas. Duk jan launin da kake gani a kwalba daga itacen ya fito, domin ba a yarda a ƙara wa bourbon launi ko ɗanɗano ba, ruwa kawai. Da yake sau ɗaya tak ake amfani da gangar, idan aka juye ta sai a sayar, kuma da yawa Sukotlan ake kai su. Ke nan yawancin Scotch yana kwana ne a gangar da bourbon ya riga ya sha ƙarfinta, wani kuma a wadda ta taɓa ɗaukar ruwan inabin sherry na Sifaniya. Ka tuna shayin Buzaye: dahuwar farko kauri gare ta, tana bugun harshe kai tsaye, ta biyu kuwa ta yi laushi, sai mai natsuwa ke jin abin da ke cikinta. Bourbon dahuwar farko ce. Zaƙinsa a fili yake, ba sai ka yi ta lalube ba, kuma wannan shi ne abin da sabon shiga ke buƙata: wani abu guda da hancinsa zai kama ya ce na gane wannan.

Yanayi ma ya raba su. Ka ga zafin Yuli a nan, ka ga sanyin Janairu. Zafi na tura ruwan cikin itace, sanyi na jawo shi, don haka bourbon na nuna da wuri. Mai shekara huɗu zuwa takwas ya isa. Sukotlan sanyi ne da danshi kusan kullum, doka ta ce Scotch ya yi aƙalla shekara uku, amma za ka ga 12 a jikin kwalabe da yawa. Kada baƙo ya ruɗe ka da cewa mai 12 ya fi mai shida. Ba ma'auni ɗaya ake auna su da shi ba.

Yanzu ga raɗaɗin da ka yi kuka da shi. Ba laifin harshenka ba ne. Mafi ƙarancin ƙarfin kowannensu kashi 40 ne cikin ɗari, wasu sun haura 50. Lambar da Amurkawa ke rubutawa da kalmar proof ninki biyu ce ta wannan kason, shi ya sa Wild Turkey 101 yake kashi 50.5. Wanda ya kwankwaɗi irin wannan kamar lemo ba abin da zai ji sai wuta.

Ga yadda nake koya wa sababbin ma'aikata. Samu kofin gilashi biyu masu matsattsen baki, ka zuba kaɗan a kowanne, abin da bai wuce cokali biyu ba: ɗaya Maker's Mark, ɗaya Glenfiddich ko Glenlivet mai shekara 12. Ban da ƙanƙara, don sanyi na danne ƙamshi. Ka bar su minti biyar zuwa goma. Kada ka cusa hanci ciki. Riƙe kofin a ƙasan hanci, bakinka a ɗan buɗe, ka shaƙa a hankali, ka koma ɗayan, ka dawo. Jera su tare ɗin shi ne sirrin, domin hanci ya fi iya cewa wannan ya fi wancan zaƙi a kan ya ba abu guda suna shi kaɗai. Kurɓin farko kada ka yanke hukunci a kansa, na sabar da baki ne. A na biyu ka ɗan riƙe shi a harshe kafin ka haɗiye, ka fitar da numfashi ta hanci. Sannan ka ɗiga ruwa ɗigo uku ko huɗu ka sake gwadawa. Ba abin kunya ba ne. Masu haɗa wiski a masana'antu ma suna sirka shi da ruwa idan za su shinshina.

Abin da nake roƙonka shi ne ka yi amfani da kalmomin da ka tashi da su. Takardun da ke jikin kwalba za su lissafa maka 'ya'yan itatuwan da ba ka taɓa ci ba, kana bin su sai ka ga kamar kai ne ba ka iya ba. Ni a bourbon mazarƙwaila nake ji, da gasasshiyar masara, da dabinon da ya kwana a jaka, wani lokaci kirfa. A Scotch na yankin Speyside, inda Glenfiddich da Glenlivet suka fito, tuffa nake ji da zuma marar kauri da ƙamshin hatsin da aka jiƙa. Idan kai wani abu dabam ka ji, rubuta shi haka. Daga baya ka koyi kalmar da baƙi za su gane, amma ka fara gane shi da taka.

In ka saba da wannan, sai ka shiga cikin bourbon ɗin kansa, don shi ma gida biyu ne. Bayan masara, wasu alkama suke sawa, wasu kuma wani hatsi da ake kira rye. Maker's Mark, na garin Loretto mai jan kaki a wuyan kwalba, na alkama ne, shi ya sa yake da laushi, kuma shi ya sa na ce ka fara da shi. Bulleit da Four Roses sun yawaita rye, za ka ji yaji-yaji irin na masoro da kanunfari a ƙarshen harshe. Jera waɗannan ma gefe da gefe, ranar da ka ji bambancinsu da kanka ka wuce matakin sabon shiga. A jikin kwalba kuma ka lura da kalma biyu: straight na nufin ya yi aƙalla shekara biyu a ganga, bottled in bond kuwa, tun dokar 1897, na nufin shekara huɗu aƙalla, masana'anta guda, ƙarfi kashi 50 daidai. Kwalabe masu tsadar da mutane ke bin layi a kansu ka ƙyale su tukuna, a ganina asarar kuɗi ce ga harshen da bai gama buɗewa ba.

Scotch na tsibirin Islay, irin su Laphroaig da Lagavulin, ka bar shi ƙarshe. Sha'irinsa da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama ake busar da shi, ruɓaɓɓen ciyayi ne da ya danƙare shekaru dubbai, ƙaurinsa kamar na bandar kifi. Wasu na mutuwar son sa, amma na sha ganin wanda ya fara da shi ya ce duk wiski magani ne.

Jack Daniel's da za a riƙa tambayarka, na jihar Tennessee ne, kusan hanyar bourbon ake bi sai dai ana tace shi ta gawayi kafin ganga, masu shi kuma ba sa kiran sa bourbon.

Duk wannan gwaji ka yi shi bayan ka tashi daga aiki, da abinci a cikinka, ranar da ba za ka tuƙa mota ba. Awo ɗaya da muke zuba wa baƙo, mililita 44, barasar da ke cikinsa daidai take da ta gwangwanin giya guda, don haka cokali biyu-biyun nan sun ishe ka darasin dare ɗaya. Idan kuma baƙo ya tsare ka gobe kafin ka gama koyo, ka tambaye shi me ya fi so, zaƙi, yaji ko hayaƙi. Mai zaƙi ka miƙa masa na alkama, mai yaji na rye, mai hayaƙi na Islay.