Wace maikiroskof za ka saya wa ƙaramin lab?

Duk mai shirin buɗe lab da ya tambaye ni, amsata ɗaya ce: Olympus CX23. Gilasanta huɗu ne, 4x, 10x, 40x da 100x na mai (wanda ake ɗiga mai tsakaninsa da abin da ake dubawa). Haɗe da na ido mai 10x ka kai ninki 1000, wanda ya isa ka ga ƙwayar maleriya a jinin da aka rina da Giemsa, ko ƙwayar tarin fuka a kaki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hotonta a shimfiɗe yake daga tsakiya har gefe. In kana duba yankan nama, ba sai kana ta murɗe-murɗe kafin gefe ya fito ba, idonka bai gajiya ko silaid (ɗan gilashin da ake ɗora samfur a kai) hamsin ka duba. Fitilarta LED ce, ba zafi, ba cin wuta, ƙaramin sola ma ya riƙe ta. An kuma yi wa gilasan maganin funfuna, wanda ya yi damina a ɗaki mai danshi ya san darajar wannan.

Zeiss Primo Star da Leica DM500 ba laifi, in aljihunka ya kai. 'Yan China masu araha kuwa, a bar wa ɗalibai su koyi hannu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin saye. Ni da kaina na sayi ta hannu a wurin wani dila, jikin na asali, ashe an zare 100x an ɗaura na jabu. Sati biyu ina ɗora wa rini laifi, ina zubarwa ina sake haɗawa, komai hazo-hazo kamar safiyar hunturu. Don haka kwance kowane gilashi ka karanta rubutun jikinsa, ka ɗaga shi a haske. In ka ga zare-zare kamar yanar gizo a ciki, funfuna ce, gogewa ba ta fitar da ita. Wasu kuma sitika kawai suke mannawa, sa farce ka gwada. Mai tallan ninki 2000 ko 2500 shi ma rabu da shi, girman hoto ne kawai ba ƙarin bayani, don maikiroskof mai haske ba ta rarrabe abin da bai kai kusan maikiromita 0.2 ba (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Amma in ka ga sunan Evident a takardu kada ka tsorata, sunan da sashen maikiroskof na Olympus ya koma ke nan tun 2022.

Ranar ciniki tafi da silaid ɗinka wanda ka san akwai maleriya a ciki, da kwalbar manka. In dila ya ce kwali ba ya buɗuwa sai an biya, ɗauki jakarka.