Masar wata Hajiya a Bauchi

Wallahi duk wanda ya ce ya san masa bai ci ta Bauchi ba, to da saura. Jiya na tsaya wajen wata Hajiya kusa da kasuwar Wunti, tandar ƙasa take amfani da ita a kan itace, gefen masar ƙurmus cikinta kuma laushi kamar auduga. Na ce Hajiya meye sirrin, ta ce ɗana shinkafar tuwo ce a jiƙa ta, a zuba dafaffiya kaɗan a markaɗa, sai a sa yis, ƙullu ya kwana ya tashi, in yayi tsami ruwan kanwa ke kashe shi. Miyar taushenta kabewa ta ji sosai. Layin ne kawai akwai tsawo, ku je da sassafe.