Namijin ya yi kyau, amma an cuce ni a kan macen

Masu tambayata ko su sayi mesa wajen mutumin nan da ke kafa teburi a kasuwannin baje kolin macizai a nan Jamus, ga abin da na gani.

Ƙananan mesa biyu na saya a wurinsa, irin mai dunƙulewa ɗin nan da ake kawowa daga Ghana da Togo da Benin. Namijin haipo ne, wato baƙin jikinsa ya ragu ƙwarai. Inda ya kamata a ga baƙi wuluk sai ka ga ruwan ƙasa mai haske, kamar an yayyafa masa toka. Ba zabiya ba ne, idonsa baƙi ne, na zabiya kuwa ja yake. Ranar da ya fara saɓa a hannuna na ɗaga fatar, babu zane ko ɗaya a jikinta, alamar haipo na gaske ke nan. Yana cin ɓeransa ba gardama, har yau bai taɓa kai mini sara ba. A kansa kam Allah ya saka wa mutumin da alheri.

Macen ce ta ɓata mini rai. Kalarta ta gama-gari ce, amma ya sayar mini da ita a kan het ce ɗari bisa ɗari, ma'ana tana ɗauke da gadon haipo a ɓoye. Saboda wannan magana na biya kuɗin da kuka san ana biya. Gadon nan ba ya fitowa sai ɗa ya samo shi daga uwa da uba duka, don haka in aka haɗa haipo da het, kowane ƙwai yana da rabin damar fitowa haipo. Na yi ta ciyar da ita shekaru har ta isa, na haɗa ta da namijin. Ta yi ƙwai bakwai, na riƙe zafinsu a digiri 31 kusan wata biyu, ko tafiya ban yi ba. Suka ƙyanƙyashe lafiya lau, dukkansu baƙaƙe, babu haipo ko ɗaya. Damar hakan ta faru da het ta gaskiya ɗaya ce cikin 128.

Na rubuta masa cikin mutunci. Da farko ya ce rashin sa'a ne. Da na nemi hoton iyayenta sai magana ta canza, wai uwar da uban duk het ne. To in haka ne ai ba ɗari bisa ɗari ba ce, damar ta ɗauko gadon kashi 66 ce cikin ɗari, kuma duk mai kiwo ya san bambancin farashinsu. Ya sani sarai lokacin da yake rubuta takardar cinikin. Daga nan bai sake amsa saƙona ba.

Yanzu ma da nake rubutu na tuna ƙwarin fata da na tarar a jikinta makon da na kawo ta, ya ce wai daga gidana ne, alhali ba ni da wani maciji a lokacin.

Da na yi niyyar ba shi tauraro uku saboda namijin, amma biyu ma ya yi yawa. In za ku saya a wurinsa, ku sayi wanda kalarsa ta fito kuna gani. Het kuwa kada ku ba da ko sisi sai ya nuna muku uwa ko uban da ke haipo a fili.